Gano Tangarɗa a Manhajojin Tattara Bayanai: Misalai Daga Ollelewa da Ƙasar Damargu

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban da ke shirya kundin babban digiri a sashenmu sun fara rubuta ƴan ƙananan manhajoji da kansu domin tattara bayanan bincike. Wani yakan yi jadawali a Excel ko Access a kwamfutar ofis, wani kuma yakan yi fom na intanet wanda ake cikewa a wayar salula. Koken da muke ji daga gare su kusan iri ɗaya ne: an gwada manhaja a Yamai ko a Damagaram ta yi aiki lafiya lau, da aka kai ta ƙauye aka dawo da bayanai sai aka tarar sunaye sun rikiɗe, farashi ya sauka ba gaira ba dalili, shekarun mutane sun canja.

Wannan takarda za ta duba irin waɗannan matsaloli ta hanyar misali guda. Mu ɗauka ɗalibi yana tattara farashin hatsi a kasuwar Bakin Birji, tare da sunayen magidanta da shekarun yaransu a ƙauyukan ƙaramar hukumar Ollelewa, cikin gundumar Tanut ta jihar Damagaram. Ra'ayin da za mu kare shi ne, mafi yawan tangarɗar yau da kullum ba a cikin lissafin manhaja take ba. Tana faruwa ne a mashiga, wato wurin da bayani ke ƙetarawa daga wani hannu zuwa wani: daga bakin mai hatsi zuwa fom, daga fom zuwa waya, daga waya zuwa sabar, daga sabar zuwa Excel. A kowace mashiga akwai zaton da ɓangare guda ya yi wanda ɗayan bai yi ba. Aikin mai gyara shi ne ya gano mashigar da bayanin ya shiga daidai ya fito a karkace.

2.0 Bin sawun layi ɗaya

Kuskuren da ɗalibi ya fi yi idan ya ga ɓarna shi ne ya buɗe rubutun manhajar ya fara canje-canje, ya taɓa nan ya taɓa can, yana fatan dacewa. Wani lokaci alamar takan ɓace, amma bai san dalili ba, kuma sau da yawa ya binne ciwon ne a wani wurin da zai fi wuyar tonowa.

Hanyar da ta fi ita ce ta makiyayi mai bin sawun dabbar da ta ɓata. A zaɓi layi ɗaya tak wanda aka tabbata ya lalace, a samo asalinsa a takarda ko a bakin wanda ya shigar da shi, sa'an nan a bi shi zango-zango. Mene ne aka buga a fom? Mene ne wayar ta ajiye? Mene ne ya isa sabar? Mene ne ke cikin fayil ɗin da aka sauko da shi kafin Excel ya taɓa shi? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin Excel yakan fassara abin da ya buɗe tun kafin ya nuna shi. Sai a buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu zalla, irin su Notepad++, wadda ke nuna abin da ke ciki ba tare da ta sa hannu ba. Idan an gano zangon, a sake haddasa ɓarnar da gangan da ƙaramin misali. Tangarɗar da mutum ba ya iya maimaitawa, ba shi da hanyar sanin ko ya gyara ta. Kuma a riƙa canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, bayan an ajiye kwafin bayanan asali a wurin da ba za a taɓa shi ba.

3.0 Haruffa masu lanƙwasa

A nan ne Hausa ta fi shan wahala, saboda haka za mu daɗe a kai.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Tsarin ASCII na Amurka yana da gurbi 128 kawai, babu é na Faransanci balle ƙ. Tsarin Windows-1252, wanda kwamfutocin ofisoshinmu suka daɗe a kansa, ya ƙara haruffan Turai ta Yamma, amma babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsa. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowanne lambarsa: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ U+01B4. Hanyar rubuta waɗannan lambobi a fayil da ta fi yaɗuwa ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinta kowane ɗaya daga haruffan nan huɗu yana cin bayit biyu.

Alamomin ɓarna iri uku ne, kuma kowace da ma'anarta. Wanda ya iya bambance su ya gama rabin aikin.

Ta farko ita ce ɗan akwati, □, a gurbin harafi. Wannan ba ɓarna ba ce a bayanai. Harafin yana nan lafiya, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanensa. Akan ga wani lokaci babban Ɗ ya fito amma ƙaramin ɗ bai fito ba, ko akasin haka, domin a Unicode ba a rukuni ɗaya suke ba: ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin haruffan masana furuci, manyansu suna wani rukunin. Magani shi ne a canja salon rubutu kawai.

Ta biyu ita ce baƙin haruffa biyu a gurbin ɗaya, kamar haka:

(1) ƙasa → Æ™asa
(2) ɗaki → É—aki
(3) Olléléwa → OllÃ©lÃ©wa

Abin da ya faru a (1) shi ne, an rubuta ƙ da bayit biyu, C6 da 99, sai wata manhaja ta karanta su ɗai-ɗai da tsarin Windows-1252, inda C6 yake nufin Æ, 99 kuma ™. Bayanin bai ɓace ba, karatunsa aka yi da ƙa'idar da ba tasa ba. Mafi yawan lokuta mai laifin Excel ne, idan aka danna fayil na CSV sau biyu domin buɗewa: in bai ga bayit uku na shaida (EF BB BF) a farkon fayil ba, sai ya ɗauka tsohon tsarin Windows ne. Ana kauce wa wannan ta hanyar shigo da fayil daga sashen shigo da bayanai a zaɓi UTF-8, ko kuma manhajar ta riƙa sa wannan shaida lokacin fitarwa. Idan an riga an adana ɓarnar, ana iya juya ta baya. A harshen Python layi ɗaya ya isa:

(4) "Æ™asa".encode("cp1252").decode("utf-8")

Sai dai akwai harafi guda da ke ba da wahala a nan, wato babban Ɓ. Bayit nasa su ne C6 da 81, kuma 81 ba shi da harafi a Windows-1252, saboda haka wasu manhajoji sukan jefar da shi. Kalmomin da suka fara da Ɓ sai an bi su da hannu.

Ta uku ita ce alamar tambaya: ?asa, ?aki. Wannan ce mai haɗari, domin harafin ya tafi ke nan. Takan faru idan aka zuba rubutun Unicode a gurbin rumbun bayanai da aka tsara da latin1. Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, latin1 ne tsarin da wannan rumbu ke ɗauka idan ba a ce masa komai ba, kuma har yau akwai tsofaffin sabar da ke kan haka. Rumbun yakan karɓi é ba matsala, shi ya sa wanda ya gwada manhaja da Faransanci kaɗai ba ya ganin komai. Idan ƙ ta iso sai ya maye gurbinta da alamar tambaya. Babu lissafin da zai dawo da ita, domin ?aki zai iya zama ɗaki, ?asa zai iya zama ƙasa, amma ba?i fa? Sai an koma ga takardun asali ko ga wayoyin da aka cika fom a kansu. Mai gyara ya duba wurare uku: tsarin gurbin jadawali, tsarin haɗin da manhaja ke yi da rumbu, da sanarwar da shafi ke yi wa burauza. Duka ukun su zama UTF-8, wanda a MySQL sunansa cikakke utf8mb4. Ɗaya ya saɓa, ɓarna ta dawo.

Akwai wata tsohuwar matsala da malaman da suka rubuta takardu a shekarun 1990 suka sani. A lokacin akan yi amfani da salon rubutu na musamman wanda aka sa zanen ƙ ko ɗ a gurbin wata alama da ba a cika bukata ba. A allo da takarda komai daidai, amma a cikin fayil alamar asali ce ke ajiye. Duk wanda zai zuba irin waɗannan tsofaffin matani a rumbu sai ya fara gina jadawalin musanya, kuma kowane salon rubutu da nasa.

3.1 Nema da jerantawa

Ko da haruffa sun isa lafiya, saura nema. Mai shigar da bayanai a waya sau da yawa ba shi da ƙ a allon bugawarsa, sai ya buga k. Wani ya buga k' ko 'k. Kwamfuta ba ta san cewa ƙauye da kauye abu ɗaya ake nufi ba. Dabarar da masu tsara manhaja suka saba da ita ta cire alamomin saman haruffa tana aiki ga Faransanci, domin Unicode yana iya raba é zuwa e da alamarta. Ba ya raba ƙ zuwa k da lanƙwasa. A wurinsa harafi ne mai zaman kansa, kuma gaskiyarsa, tun da baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa. Abin da ya dace shi ne a ajiye gurbi biyu: ɗaya na rubutun daidai wanda ake nunawa, ɗaya na nema wanda manhaja ta sauƙaƙa da kanta (ƙ→k, ɗ→d, ɓ→b, ƴ→y). Kada a taɓa sauƙaƙa gurbin farko.

Jerantawa ma haka. Idan aka jera kalmomi bisa lambobinsu, ƙ takan faɗa bayan z, sai Ƙ ta rabu da K da shafuka masu yawa. A JavaScript, Intl.Collator("ha") yana jerawa bisa ƙa'idar Hausa, b kafin ɓ, d kafin ɗ, k kafin ƙ, muddin burauzar tana ɗauke da bayanan harshen. A gwada, kada a yi zato.

3.2 Alamar hamza

Rubutun Hausa na Nijar, bisa ƙa'idar da aka tsayar a 1999, yana amfani da ƴ inda na Nijeriya ke rubuta 'y. Ga kuma hamza a tsakiyar sunaye kamar Sa'idu da Sa'adatu. Alamar nan tana da fuskoki aƙalla uku a kwamfuta: miƙaƙƙiya ta allon bugawa (U+0027), lanƙwasasshiya wadda Word ke sawa da kansa (U+2019), da ta masana harshe (U+02BC). A ido kusan ɗaya ne, a nema uku ne dabam.

Miƙaƙƙiyar tana da wata illa. A harshen SQL ita ce ke buɗe magana da rufe ta. Ɗalibin da ya haɗa umurni ta hanyar liƙa rubutu zai samu wannan:

(5) INSERT INTO magidanta (suna) VALUES ('Sa'idu')

Rumbu zai ɗauka sunan ya ƙare a Sa, ya ga ragowar ba ta da ma'ana, ya ƙi layin. Idan manhajar ba ta nuna saƙon kuskure, sai a wayi gari duk wani Sa'idu da Isma'ila na ƙauyen ba ya cikin lissafi. Na taɓa ganin ɗalibin da ya magance wannan ta hanyar hana masu shigar da bayanai buga alamar. Wannan gyaran alama ne. Ƙofar da hamzar Sa'idu ta bi ita ce wadda mai mugun nufi zai bi ya cusa umurninsa a rumbu. Maganin gaskiya shi ne umurni mai gurabe, inda ake miƙa sunan dabam da umurnin, kuma duk harsunan da ɗalibanmu ke amfani da su suna da shi.

4.0 Sunan wuri ba makulli ba ne

Sunan Ollelewa yana fitowa a takardu da yawa, musamman tun da aka buɗe matatar man SORAZ a yankin a watan Nuwamba na 2011, kuma ba a rubuta shi iri ɗaya: Ollelewa, Olléléwa, Oléléwa. Haka Bakin Birji da Bakin Birgi, Tanut da Tanout, Belbeji da Belbédji. Rubutun hukuma yana bin ƙa'idar Faransanci, inda u ke zama ou, j ke zama dj, c ke zama tch, gidan ke zama guidan. Ɗalibin da ya haɗa jadawalinsa da na ƙidayar jama'a ta hanyar daidaita sunaye zai rasa duk layin da harafi ɗaya ya saɓa, kuma haɗin SQL na yau da kullum ba ya kuka, zubar da layin kawai yake yi. Akwai kuma akasin haka: ƙauyuka masu suna Sabon Gari ba su ƙirguwa, sai haɗin ya ninka layuka. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ƙirga layuka kafin haɗi da bayansa. Idan adadin ya canja, a tsaya.

Ko é ɗin Olléléwa kansa yana da rubutu biyu, harafi guda (U+00E9) ko e da alama a biye (U+0301), kuma sunayen fayil da suka fito daga kwamfutocin Apple sukan zo da na biyun.

Sai batun iyakoki. A 2011 aka ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63. Belbeji, wadda take cikin Tanut a da, ta zama gunduma mai zaman kanta da ƙaramar hukumar Tarka, Ollelewa kuwa ta ci gaba da zama a Tanut. Saboda haka kalmar Tanut a ƙidayar 2001 da kalmar Tanut a ƙidayar 2012 ba ƙasa ɗaya suke nufi ba. Wanda ya jera alƙaluman shekarun biyu a zane ɗaya ba tare da ya haɗa Belbeji ko ya cire Tarka ba, zai fassara canjin iyaka a matsayin canjin jama'a ko na noma. Manhajar da aka rubuta jerin gundumomi a cikin jikinta ma takan ƙi karɓar sabon suna. Jerin wurare ya zauna a jadawali nasa, kowane wuri da lambarsa da ba ta canjawa, da sunayensa duka, da shekarar da ya shiga ko ya fita daga wata gunduma.

5.0 Waƙafi, dala da tiya

Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta biyu da rabi 2,5, tana raba dubbai da fili (12 500), tana kuma raba guraben CSV da waƙafi mai ɗigo (;). Wadda aka saita da Ingilishi tana rubuta 2.5 da 12,500, tana raba gurabe da waƙafi. Shi ya sa fayil ɗin da abokin aiki ya aiko daga Kano ko Zariya yakan buɗe a Damagaram duk a cushe cikin gurbi ɗaya. Wannan mai sauƙi ne, domin ana ganinsa. Mai wuyar shi ne wanda ba ya nuna kansa:

(6) parseFloat("2,5") → 2
(7) parseFloat("12 500") → 12

JavaScript yana karanta lamba har inda ya gane, ya watsar da saura, bai ce uffan ba. Python kuwa, idan aka ba shi float("2,5"), tsayawa yake da saƙon kuskure. Ɗalibai sukan ji haushin na biyun, alhali shi ne mai taimako. Kuma filin da ke cikin 12 500 ba lallai ne ya zama filin allon bugawa ba. Manhajoji kan sa wani fili na musamman (U+00A0 ko U+202F), sai umurnin share fili ya wuce shi bai gan shi ba.

Akwai mashigar da ta riga kwamfuta. A kasuwannin Nijar da dala ake ciniki, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai hatsi a Bakin Birji ya ce tiya ɗari da ashirin, sefa 600 yake nufi. Mai tattara bayanai ɗaya zai juya lissafin a kansa ya buga 600, wani zai buga 120 yadda ya ji. Idan fom ya ce farashi kawai, duka biyun sun bi umurni. Alamar wannan tangarɗa ita ce a ga farashi ya rabu gida biyu, ɗaya ninki biyar na ɗayan, kuma rabuwar tana bin sunan mai tattarawa, ba ranar kasuwa ba. Haka tiya: ma'aunin cika ne, ba na nauyi ba. Akan ƙiyasta tiyar hatsi kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 ya zama tiya 40, amma kwano ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, wake da dawa kuma ba nauyinsu ɗaya da hatsi ba. A ajiye abin da aka ji da ma'aunin da aka ji shi, juyawa zuwa kilo da sefa ta zama aikin manhaja a gurbi dabam, yadda za a iya sake ta idan an gano kuskure. Wanda ya tuna yunwar 2005, da yadda tashin farashin hatsi ya zama babbar alamarta, ya san cewa jadawalin farashi a Damargu ba wasan ɗalibai ba ne. Kuskuren ninki biyar zai iya ɓoye tsada a inda take.

6.0 Kwanan wata

03/08 a Nijar 3 ga Agusta ne, ranar samun ƴancin kai. A manhajar da ke bin tsarin Amurka 8 ga Maris ne. Muguntar wannan kuskure ita ce rabinsa kawai ke bayyana: 25/08 ba zai karantu a matsayin wata na 25 ba, sai manhaja ta ƙi shi ko ta bar shi a matsayin rubutu, amma duk ranar da ba ta wuce 12 ba takan juye shiru. A binciken abinci mai gina jiki, inda ake auna yara masu wata 6 zuwa 59, juyewar 03/08 ta matsar da haihuwar yaro da wata biyar, ta shigar da wanda bai kai ba ko ta fitar da wanda ya cancanta. Idan aka ga a gurbin Excel wasu ranaku sun jingina dama wasu hagu, to an cakuɗa kwanan wata da rubutu, kuma wannan ce shaidar. Tsarin shekara-wata-rana (2012-08-03) shi ne ba ya ruɗa kowa.

Wata tangarɗar ta fi wannan ɓuya. Mutane da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa ta ranar da aka haife su, takardunsu suna cewa né vers 1975, wato wajen 1975, kuma idan fom ya nace sai an ba shi rana akan sa 1 ga Janairu. Agogon Nijar yana gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya. Idan fom na intanet ya ɗauki ranar a matsayin ƙarfe 12 na dare agogon gida, sa'an nan ya juya ta da toISOString() kafin aikawa, abin da zai isa sabar shi ne:

(8) 1974-12-31T23:00:00.000Z

Mai tsara manhaja ya yanki haruffa goma na farko, sai duk wanda aka haifa wajen 1975 ya koma 1974. Kowace rana ta ja baya da kwana ɗaya, amma a kan 1 ga Janairu ne kwana ɗaya ke zama shekara, kuma a ƙauyukanmu masu wannan rana suna da yawa. Ranar haihuwa ba ta da awa, saboda haka a ajiye ta a matsayin rana zalla. Ya fi kyau ma fom ya ba da damar shigar da shekara kaɗai, da gurbin da ke nuna cewa ƙiyasi ne. Idan sabar tana Faransa a kula da ƙarin abu guda: agogonsu daidai yake da namu a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gabanmu da awa ɗaya. Tangarɗar da ke zuwa wata bakwai ta tafi wata biyar, a fara tuhumar agogo.

7.0 Rezo da wuta

Fom ɗin da aka gwada a ofis mai intanet mai ƙarfi yana zaton kowane aike zai samu amsa nan take. A ƙauyen da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, aiken yakan isa sabar amma amsar ta ɓace a hanya. Mai wayar ya ga shiru ya sake dannawa, magidanci ɗaya ya shiga sau biyu ko uku. Kashe maɓallin bayan dannawar farko yana rage abin, ba ya kawar da shi. Abin da ke kawar da shi shi ne wayar ta ƙirƙiri lambar shaida ta musamman ga kowane fom tun lokacin buɗe shi, sabar kuma ta ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. ODK da KoboToolbox, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke amfani da su a Sahel, haka suke yi, kuma suna ajiye fom a waya har sai an samu rezo. A ganina ɗalibin da bukatarsa tattara bayanai ce kawai ya fara da ɗayansu kafin ya yi tunanin gina nasa.

A kwamfutar ofis kuwa abokin gaba ɗaukewar wuta ce a tsakiyar rubutu. Fayil na Access da mutane da yawa ke buɗewa ta hanyar babban fayil na tarayya yakan lalace idan haɗi ya yanke ana cikin adanawa. Manhajar da ke rubuta magidanci a jadawali ɗaya da yaransa a wani, idan wuta ta tafi a tsakani, za ta bar magidanci ba yara. Rumbuna irin su SQLite da PostgreSQL suna ba da damar ɗaure rubuce-rubucen biyu a ƙulli ɗaya, ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga, amma sai mai tsara manhaja ya nemi hakan da kansa.

8.0 Jadawalin gwaji kafin fita

Duk misalan da suka gabata ana iya kama su a ofis cikin rabin awa, idan aka gwada manhaja da bayanan da suka yi kama da na wurin da za ta je. Muna ba ɗaliban sashen shawarar su riƙe ɗan jadawali mai layi goma ko ƙasa da haka, su bi da shi ta kowace mashiga tun daga waya har zuwa Excel kafin su hau motar Tanut. A cikinsa a samu suna mai hamza iri uku, suna mai farawa da Ɓ, kalma mai ƙ da ɗ da ƴ, Olléléwa da rubutunsa biyu, ƙauyuka biyu masu suna Sabon Gari, ƙauye ɗaya na Tarka, farashi 2,5 da 12 500, ranakun 03/08 da 25/08 da 1 ga Janairu, da gurbi ɗaya da aka bari fanko domin a ga ko manhaja za ta mai da shi sifili. A aika layi ɗaya sau biyu, a kashe rezon wayar ana tsakiyar aika wani. Sa'an nan a buga abin da ya fito a takarda, a ajiye shi kusa da na asali, mutum biyu su karanta, ɗaya da murya ɗaya yana bi da yatsa.